Idan ba kaka ɗaya ba ne, me ya kawo kuskure iri ɗaya?

Malam Ɗanjuma:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Tun makon jiya da aka turo bidiyon nan mai cewa wai masana sun yi watsi da ka'idar juyin halitta nake ta haɗiye magana, yau dai zan amayar. Na daɗe ina koyar da bayoloji a sakandare. Duk shekara idan muka zo wannan babi, yara za su rubuta amsa don cin jarrabawa, su fito suna cewa ƙarya ce. Ba na ganin laifinsu.

Ba ina tambayar wa ya yi halitta ba ne. Wannan na gama da shi tun ina makarantar allo. Tambayata ga wanda ya ce kowane jinsi daban aka yi shi, ba dangantakar jini tsakanin wannan da wancan. Ya zo ya yi mana bayanin abin da ake gani a jikin halittu.

In ina makin takardu na ga yara biyu sun ba da amsa daidai iri ɗaya, ba na zarginsu, littafi ɗaya suka karanta. Amma in dukansu suka ce zuciya ɗaki 5 gare ta, suka tsallake layi ɗaya a wuri ɗaya, harafi ɗaya ya faɗi a kalma ɗaya, to ko kuka suke suna rantsuwa na san daga takarda ɗaya aka kwafa.

Akuya ba ta buƙatar lemo. Hantarta ce ke haɗa mata bitamin C, haka saniya, haka kare. Mu kuwa in muka yi watanni ba mu samu a abinci ba, dasashi zai fara zubar da jini, haƙora su yi girgiɗi. Ƙwayar gadon da ke wannan aiki, sunanta GULO, tana nan a jikinmu a kuromosom na 8 (kuromosom su ne ƙunshin da rubutun gado ke ciki), amma a karye. Da aka duba cimfanzi da oranguta da birai, su ma tasu a karye take, kuma akwai wurin da harafi ɗaya na rubutun gadon ya faɗi a namu da nasu, wuri ɗaya. Ɓeran Masar shi ma ba ya iya haɗawa, amma tasa karayar daban ce. To me ya kawo haka?

Abu Hafsat:
Wa alaikumus salam Malam. Allah ya ƙara sani. Na ji daɗi da ka ware tambayar, don yawanci a nan ake rikicewa. Amma ai Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane. Je ka kasuwa ka duba tukwanen maginiya ɗaya, za ka ga hannunta a kowace, bakin iri ɗaya, zanen iri ɗaya. Ba wanda zai ce tulu ne ya haifi randa. Mahalicci ɗaya ne, don me ba za a ga kamanni ba?

Malam Ɗanjuma:
Ustaz, da kamannin abin da ke aiki na kawo, da ka gama da ni. Ido da ido, hanta da hanta, wannan hannun maginiya ne, na yarda. Ni tsaga na nuna maka. Maginiyar da ta gina tukwane ɗari lafiya lau, sai guda goma duk suka fito da tsaga a gefe ɗaya, tsawo ɗaya, kuma goman nan su ne dama suka fi kama da juna, ba za ka ce daga mazubi ɗaya mai aibi suka fito ba?

Sarkin Yaƙi:
Kai Malam in kai kakanka biri ne ka je can ka neme shi a dawa. Mu 'ya'yan Annabi Adamu ne. Wannan duk aikin Yahudawa ne.

Admin:
Sarkin Yaƙi, gargaɗi na farko. Malam ya girme ka, kuma bai zagi kowa ba. Mai hujja ya kawo, marar ita ya karanta.

Maman Walid:
Ni ban iya dogon bayani ba, abin da nake gani a wurin aiki zan faɗa. Ni nas ce, kuma ranar asibitin masu sikila ba na cin abinci da daɗi. Yaro ɗan shekara 6 yana murƙususu, yatsu sun kumbura, uwa tana shafa masa baya tana kuka a ɓoye. Harafi ɗaya ne fa ya canza a ƙwayar gadon da ke haɗa jini. Tambayar da na daɗe ina yi, me ya sa cutar da ke kashe yara haka ba ta ƙare da kanta ba, har kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya AS ne? Sai da na karanta aikin wani likita, Anthony Allison, wanda ya nuna a 1954 a Gabashin Afirka cewa mai AS ya fi tsira daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Inda sauro ya yi yawa, masu AS sun fi kai wa girma su haihu, sai abin ya yi ta yaɗuwa. Ɗora taswirar maleriya a kan taswirar sikila ka gani.

Ga kuma kulorokwin. Wa ya manta ƙaiƙayinsa? Da shi muka tashi, ka sha ka kwana kana susa amma ka warke. Sai ƙwayar cutar ta daina jin sa, har a 2005 Nijeriya ta koma magungunan maleriya na ACT. Ba maganin ne ya lalace ba, ƙwayoyin da ya kasa kashewa ne suka hayayyafa.

Abu Hafsat:
Hajiya, Allah ya saka miki da hidimar da kike yi wa bayinsa. Wannan ba wanda ke musunsa. Amma ƙwayar maleriya da ta gagari kulorokwin har yanzu ƙwayar maleriya ce, mai AS kuma mutum ne. Canji a cikin jinsi daban, jinsi ya rikiɗe ya zama wani daban.

Malam Ɗanjuma:
To ina katangar take, Ustaz? Da gaske nake tambaya. In ƙananan canje-canje na faruwa a shekara 50 muna kallo, me zai tsayar da su a shekara miliyan 50? Kuma mene ne jinsi? Doki da jaki jinsi ɗaya ne ko biyu? Doki kuromosom 64 gare shi, jaki 62. Suna barbara a haifi alfadari mai 63, shi kuma ba ya haihuwa. In daban aka yi su tun farko, me ya sa suke iya haihuwa tare? In ɗaya ne, me ya sa ɗan ya zama juya? Ni abin da nake gani shi ne 'yan'uwa biyu da suka rabu, sun yi nisa amma ba su gama ɓacewa juna ba.

Baba Audu:
Yara ku bari in sa baki. Ni ban yi boko mai zurfi ba, jikana ke karanta mini wasu kalmomin naku. Amma Malam ya tuna mini da gaiwa. Muna yara, da rani in fadama ta bushe ƙasa ta tsage, mukan ɗauki fartanya mu bi muna duba ɗan rami kamar bakin kwalba. Ka haƙa ka ciro dunƙulen laka, ka fasa, ga kifi a naɗe cikin wata 'yar fata kamar takarda, da ransa. Wata da watanni ba ruwa. Tsofaffi na cewa jikinta take ci. In ka saka ta a ruwa kuma sai ka ga tana tasowa tana shaƙar iska. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, yakan ce wannan ita ba kifi ba ita ba ƙadangare ba. Malam, ita a wane aji kuka sa ta?

Malam Ɗanjuma:
Baba, ranka ya daɗe, ka kawo abin da ya fi duk littattafaina. Gaiwa huhu gare ta na gaske, in ka hana ta tasowa sama nutsewa za ta yi ta mutu. Kuma binciken ƙwayoyin gado ya nuna cewa cikin duk kifayen da ke raye, danginta ne suka fi kusa da dabbobi masu ƙafa huɗu. Wato ta wannan fuska gaiwa ta fi kusa da akuyarka a kan tarwaɗar da suke kwana a tafki ɗaya.

Ga abin da ya fi ɗaure mini kai. Wasu masana a Amurka, Neil Shubin da abokan aikinsa, suka yi lissafi: a duwatsun da suka kai shekara miliyan 385 kifaye ake samu, a na miliyan 365 kuma an fara ganin masu ƙafafu. Suka ce in ka'idar gaskiya ce, a tsakani za a samu mai kama da duka biyun, a dutsen da asalinsa lakar kogi ce. Suka buɗe taswira, suka ga irin wannan dutse a tsibirin Ellesmere, can ƙuryar arewacin Kanada inda ƙanƙara take. Suka yi ta zuwa shekara bayan shekara. A 2004 suka tono shi, Tiktaalik: ɓawon kifi a jiki, kai shimfiɗaɗɗe kamar na kada, ga wuya, a cikin fiffiken iyonsa kuma ga ƙasusuwan kafaɗa da gwiwar hannu. Sun faɗi inda zai kasance kafin su gan shi. Wanda ya ce kowane jinsi daban aka yi, da wane lissafi zai aika mutum Ellesmere?

Injiniya Bala:
Malam ina bin ka, amma kada mu mai da masanan nan waliyyai. Ƙoƙon kan Piltdown fa? A 1912 aka fito da shi a Ingila aka ce ga mahaɗar mutum da biri, ashe ƙoƙon mutum ne aka haɗa da muƙamuƙin oranguta, aka goge haƙoran da magagari. Shekara 41 ana yawo da shi. Na biyu, har yau ba wanda ya nuna yadda rai ya fara daga abin da ba shi da rai. Ni injiniya ne, in ka ce mini inji ya haɗa kansa sai na ga zane.

Malam Ɗanjuma:
Injiniya, duka biyun gaskiya ka faɗa. Piltdown damfara ce, abin kunya. Amma wa ya tona asirin a 1953? Masanan ne da kansu, da gwajin sinadarin da ke cikin ƙashin. Kuma abin da ya fara jawo zargi shi ne ƙasusuwan gaske da aka riƙa samu a Afirka da Asiya sun ƙi dacewa da shi.

Mafarin rai kuwa, ba a sani ba, akwai hasashe kawai. Darwin ma, mai ka'idar, a littafinsa na 1859 bai ce ya warware wannan ba. Ka'idar tana magana ne a kan yadda masu rai suka rarrabu bayan akwai su. Rashin sanin mafarin kogi ba ya hana ka gane cewa wannan rafin daga wancan ya ɓalle.

Tunda kai mai zane ne, ga aiki. Akwai jijiya da ke fitowa daga ƙwaƙwalwa za ta maƙogwaro, tafiyar da ba ta wuce taƙi ba. Maimakon ta tafi kai tsaye, sai ta gangara ƙirji, ta zagaye babbar jijiyar jini kusa da zuciya, ta sake hawowa. A jikinka haka take. A raƙumin dawa zagayen ya kai wajen mita 4 da rabi. A kifi, da ba shi da wuya, hanyar miƙaƙƙiya ce. In yaronka ya ja waya daga mita zuwa ƙwan da ke bisa kanta ta bayan gida, me za ka ce masa?

Injiniya Bala:
Zan ce ya tattara kayansa. Amma zan fara tambaya ko akwai abin da wayar ke ba wuta a hanya. Na duba, jijiyar tana ba da rassa ga bututun iska da na abinci.

Malam Ɗanjuma:
Tana bayarwa. Sai dai ana samun mutane ƙalilan, ba su kai ɗaya cikin ɗari ba, da tasu ta dama ke tafiya kai tsaye, kuma lafiyarsu lau, yawanci sai wurin tiyata ake ganewa.

Ɗan Maraɗi:
Raƙuman dawan da kuke magana ga su nan Kure kusa da Yamai, duk mai so ya zo in raka shi. Kuma ku da ke jin abin nan na Turawa ne, ƙasusuwan fa a ƙasarmu suke. A Gadufawa cikin Tenere aka tono kada mai tsawon mota bas, da wata dabba da aka sa wa sunan ƙasarmu, Nigersaurus, masu shekara sama da miliyan 100. A Cadi kuma, hamadar Jurab, a 2001 wani ɗan Cadi cikin ayarin masanin Faransa Michel Brunet ya tsinci ƙoƙon kan wata halitta mai kama da mutum da biri da ake kira Tumai, wajen shekara miliyan 7. Har yanzu suna gardama ko da ƙafa biyu yake tafiya, amma ƙoƙon na nan.

Bulus:
Salama gare ku. Ni Kirista ne, kuma gardamar nan mun sha ta a tsakaninmu. Akwai masu cewa duniya shekara dubu 6 ce, lissafin da wani bishop na Ailan, Ussher, ya yi a 1650 ya ce an yi halitta a 4004 kafin haihuwar Almasihu. Wannan ra'ayi ya fi ƙarfi a wasu majami'un Amurka. Akwai kuma Kiristoci da yawa da ba su ga karo ba. A shari'ar Dover ta 2005 a Pensilbeniya ta Amurka, a kan abin da za a koya wa ɗalibai game da asalin halittu, babban mai ba da shaida a kan juyin halitta, Kenneth Miller, ɗan Katolika ne mai zuwa coci. Abin da nake lura da shi, yawancin hujjojin da ke yawo a wayoyinmu, na Musulmi da na Kirista, daga can aka kwaso su aka canza musu riga.

Abu Hafsat:
Malam Bulus ka yi gaskiya a wannan. Mu ba mu da nassin da ya ƙayyade shekarun duniya, kuma Alƙur'ani ya ambaci yini mai tsawon shekara dubu, da mai dubu 50. Don haka miliyoyin Ɗan Maraɗi ba su dame ni ba. Littattafan Harun Yahya ma, masu musun juyin halitta, da muka yi ta yayi a jami'a, daga baya na gane ba abin dogaro ba ne.

Bari in faɗi inda na tsaya, don kada a yi ta zagaye. Game da dabbobi da tsirrai, nassi ya ce Allah ya halicci kowace dabba daga ruwa, bai faɗi dalla-dalla ta yaya ba. Tun wajen 1888 Shehu Husaini al-Jisr na Tarabulus ta Sham ya rubuta cewa in hujja yankakkiya ta tabbata a irin wannan, ba ta rushe imani da Mahalicci. In gaiwa da akuya 'yan'uwa ne, Allah ne ya yi su haka. Amma Annabi Adamu, alaihis salam, nassi a bayyane yake: daga turɓaya, ba uwa ba uba. A Ali Imrana aya ta 59 an kwatanta shi da Annabi Isa. Nan ba na motsawa.

Malam Ɗanjuma:
Allah ya gafarta Malam, ka ga yanzu mun rage tazara da yawa. Saura mai wuyar, kuma ba zan ɓoye ta ba.

Cimfanzi da gorila da oranguta kuromosom tagwaye 24 gare su, mu 23. In dangantaka gaskiya ce, ɗaya ba zai ɓace haka kawai mutum ya rayu ba, dole biyu ne suka haɗe. Kowane kuromosom yana da ƙulli a bakinsa biyu, kamar yadda ake ƙulle bakin igiya kada ta warware, wasu haruffa ne TTAGGG da ke ta maimaituwa. Yana kuma da ƙugu ɗaya. To in an ɗaura igiya biyu, ya kamata a ga ƙullin baki a tsakiya, a ga ƙugu biyu. A 1982 aka jera hotunan aka ga zanen kuromosom namu na 2 ya yi daidai da wasu biyu na cimfanzi in aka haɗa su kai da kai. A 1991 masu bincike a jami'ar Yale suka karanta wurin, ga haruffan ƙulli a tsakiya suna fuskantar juna. Ƙugu na biyu ma yana nan, a mace.

Abu Hafsat:
Na karanta sau biyu. Amma Malam, wannan abin da ya nuna shi ne a wani zamani kakannin mutane suna da 24, sai biyu suka haɗe. Ina ya nuna cewa kakannin nan birai ne? Zai yiwu a cikin 'yan Adam abin ya faru.

Malam Ɗanjuma:
Wallahi ka kama ni, kuma na ji daɗi. Shi kaɗai bai isa ba. Har yau ma wajen mutum ɗaya cikin dubu yana yawo da kuromosom biyu a manne, lafiyarsa ƙalau. Amma ka ɗora shi a kan GULO. Ka ƙara da wannan: akwai ƙwayoyin bairos da ke cusa rubutunsu cikin na wanda suka kama, in suka shiga ƙwan haihuwa sai ya zama gado. Kusan kashi 8 cikin ɗari na kundin gadonmu irin wannan saura ne. Wurin da bairos zai sauka cikin haruffa biliyan 3 ba a ƙayyade yake ba. Amma dubbansu suna wuri ɗaya a jikinmu da na cimfanzi. Tabon rauni ne, Ustaz, a wuri ɗaya, sau dubbai.

Abu Hafsat:
Na ji an ce wasunsu suna da aiki, har a mahaifa. In suna da aiki ba tabo ba ne.

Maman Walid:
Gaskiya ne Ustaz, akwai wanda mabiyiya ba ta haɗuwa sai da shi. Amma ni a ganina yin aiki bai goge asalinsa ba. Buhun taki da aka mayar labule yana aikin labule, rubutun kamfanin na nan a jikinsa.

Abu Hafsat:
Hajiya kin ba ni dariya, kuma misalin ya zauna. To ga abin da zan iya cewa. Akwai malamai na wannan zamani da suka ce Allah mai iko ne ya halicci Adamu kai tsaye, a siffar da ta dace da sauran halittun da ya riga ya shimfiɗa a ƙasa, kuma mu'ujiza ba a auna ta a ɗakin gwaji. Wanda zai duba jinin Annabi Isa da na'ura ba zai ga alamar rashin uba ba, ina zato. Na san wannan bai amsa maka me ya sa har da karyayyar GULO ba. Hikimar ban san ta ba, kuma ba zan ƙirƙiro ba.

Malam Ɗanjuma:
Wannan matsaya ba ni da na'urar da za ta rushe ta, ba kuma ta da za ta tabbatar da ita. Amma ka lura, ka bar cewa hujjojin ƙarya ne, ka koma cewa suna nan amma akwai keɓancewa. Da haka yarana ke fita daga aji da na yi barci. Abin da ke ƙona mini rai shi ne a ce musu ba a taɓa samun komai ba, alhali ga shi a jinin ƙanensu mai sikila.

Sarkin Yaƙi:
Ni dai har yanzu ban yarda ba. In daga birai aka fito me ya sa har yanzu akwai birai?

Baba Audu:
Yaro, kai da ɗan baffanka kakanku ɗaya, shi ya haife ka? Ko da aka haife ka shi ya ɓace? Ni da ban yi boko ba ma na gane abin da Malam ke nufi, yarda da shi kuma wata magana ce.

Abu Hafsat:
Malam Ɗanjuma, ka rubuto mini maganar bairos ɗin nan da ta bitamin a taƙaice, ba ado. Ranar Asabar bayan la'asar muna da karatu, zan kai wa malaminmu yadda ka faɗe ta, ba yadda bidiyo ya faɗa ba.

Malam Ɗanjuma:
Zan turo daren nan in an kawo wuta. Ka haɗa masa da tambayar alfadari, ita ma ba ka amsa ba.

Ɗan Maraɗi:
Baba Audu, gaiwar nan ana cin ta kuwa? Mu nan wasu ƙyamarta suke.

Baba Audu:
Ana ci mana, a banɗa ta a sa a miyar kuka. Mahaifiyata ce dai ba ta taɓa yarda an dafa a tukunyarta ba.